Yadda za ka zauna lafiya da bugun zuciya mara tsari

In likita ya yi maka gwajin ECG, wato na duba yadda zuciya ke bugawa, ya ce saman zuciyarka na karkarwa maimakon ya buga daidai, to kar hankalinka ya tashi, mutane na yin shekaru da wannan ciwo. Amma fa sai da kula.

Abu na farko, koyi jin bugun jininka. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ka ƙirga na minti ɗaya, a hutawa yawanci 60 zuwa 100 ne, kuma ka lura ko yana tsallake.

Babban haɗarin dai shi ne jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa shanyewar ɓarin jiki ke ninkawa kusan sau 5 ga masu wannan ciwo, don haka maganin tsinka jinin da likita ya ba ka, ko wafarin ne ko apixaban, kar ka kuskura ka daina don kawai ka ji sauƙi, wallahi nan mutane ke yin ganganci. Mai shan wafarin ya riƙa gwajin INR, wato na auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, galibi ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ibuprofen ko asfirin kuwa sai ka tambayi likita, suna ƙara zubar jini.

Kula da hawan jini, rage ƙiba, bar giya da taba, ka riƙa ɗan tattaki. In kana minshari har numfashi na ɗaukewa, a duba.

Baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta harɗe, ko ƙirji ya riƙe? Asibiti nan take, ba jiran gobe.