Yadda nake ɗora sabuwar siga a sabar aiki ba tare da takardun mutane sun maƙale ba

Shekara huɗu ke nan ina kula da manhajar da wani ƙaramin bankin ba da rance ke bin takardun neman bashi da ita: daga jami'in da ya karɓa, zuwa manajan reshe, zuwa kwamiti. A kan Camunda 7 aka gina ta, wato injin da ke tura takarda daga mataki zuwa mataki; tana zaune cikin Tomcat, manhajar da ke gudanar da ita a sabar, bayananta kuma a rumbun bayanai na PostgreSQL.

Abin da ya kamata ka fara sawa a ranka shi ne, sabuwar siga ba ta kwashe tsofaffin takardu. In ka ɗora zanen BPMN, wato zanen matakan da takarda ke bi, mai suna ɗaya da na da, injin zai ba shi lamba ta gaba ne kawai, a ce daga 6 zuwa 7. Duk buƙatar da ta shigo bayan nan, ta 7 za ta bi. Amma takardar da ke jiran sa hannun manaja tun makon jiya tana nan a ta 6, kuma tsofaffin sunayen da ta sani za ta nema.

A nan na sha kashi. Na canza sunan wani ajin Java, wato wani ɓangare na manhajar, mai tura saƙon tes ga mai neman bashi, don tsohon sunan bai yi min ba. A sabar gwaji komai lafiya lau, domin sababbin takardu kawai na gwada. Washegari da hantsi manajan reshe ya kira: "Malam, me ka taɓa mana jiya?" Na buɗe Cockpit, shafin Camunda na lura da takardun da ke kan hanya, sai ga jan alama reras. Kowace tsohuwar takarda ta nemi ajin sau uku, ba ta same shi ba, ta tsaya cik.

Tun ranar, kafin na taɓa komai sai na ƙirga takardun da ke kan hanya a kowace siga. In 'yan kaɗan ne, ina barin su su ƙarasa a tsohuwar, tsohon ajin kuma ya ci gaba da zama har sai ta ƙarshe ta fita. In suna da yawa, ko gyaran na dole ne, sai na tsara ƙaurar takardun zuwa sabuwar siga ta REST API, hanyar aika wa injin umarni: wannan mataki na ta 6 ya koma wancan na ta 7. Matakin da ka goge kuwa, kai za ka yanke inda masu tsaye a kansa za su koma.

Sai kwafin ajiya. Ina ɗauka da pg_dump, umarnin kwafe bayanan PostgreSQL, sannan in zuba shi a sabar gwaji in tabbatar yana tashi, in kuma gwada ƙaurar a kansa. Kwafin da ba ka taɓa mayarwa ba, ba ka san ko kana da shi ba.

Lokaci kuma, ba Juma'a, ba ƙarshen wata. Ni Talata bayan isha'i nake yi, bayan na leƙa man janareta da kaina.

In sabobinka sun wuce ɗaya, bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba da idonka. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an sabunta sabobi bakwai an manta ta takwas. Namu biyu ne kacal, amma sai na kwatanta lambar SHA-256 ta fayil ɗin WAR, wato kunshin manhajar, a kowacce; in lambar ta zo ɗaya, fayil ɗin ɗaya ne.

Da an gama, ina shigar da takardar gwaji guda in bi ta har ƙarshe, sannan in matsa wata tsohuwa gaba da mataki ɗaya.

In abu ya ɓaci, kada hannunka ya yi saurin goge abin da ka ɗora. Gogewa da zaɓin cascade, wato goge siga da duk abin da ke haɗe da ita, tana tafiya da takardun da ke kan sigar har da tarihinsu. Sake ɗora zanen ta 6, zai shigo a matsayin ta 8, sannan ka mayar da waɗanda suka riga suka shiga ta 7 zuwa can.