Shawara ga mai son nuna tuƙin jirgin sama na kwamfuta a VATSIM

'Yan'uwa, duk wanda zai nuna wa jama'a tuƙin jirgi na kwamfuta a VATSIM, dandalin intanet inda mutane na gaske suke ba da izinin tashi da sauka da muryarsu, ya fara duba taswirar dandalin ya tabbatar akwai mai kula da zirga-zirgar jirage a filin jirgin da ya zaɓa, domin 'yan sa-kai ne, ba kullum suke nan ba. Kada ya haɗa vPilot ko xPilot, manhajojin da ake shiga dandalin da su, alhali jirginsa yana kan titin tashi, sai ya ajiye shi a wurin fakin tukuna. A ganina ƙaramin fili ya fi babban filin Heathrow na Landan dacewa, saboda yawan magana a can yakan rikita masu kallo. Idan babu mai kula, a yawancin wurare tashar rediyo ta 122.800 ake komawa, inda matuƙa suke sanar da juna abin da suke yi.