Yadda ake kama wurin ajiye mota a filin jirgin sama

Fara da shiga shafin filin jirgin, ka zaɓi ranar shiga da ta fita. A lokacin fita ka ƙara awa 2 ko 3, domin jirgi kan makara, wuce lokaci kuwa ƙarin kuɗi ne.

Sai lambar mota. Nan ake yawan samun matsala: a filaye da yawa kyamarar bakin ƙofa ce ke karanta ta, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana sandar ɗagawa. Idan ka sauya mota, gyara tun kafin ranar tafiya.

Biya, ka adana shaidar a waya.

Wuri mai nisa ya fi araha, amma sai ka jira bas, saboda haka ka iso da wuri. Kafin ka bar motar, ɗauki hoton lambar layin.