Darasi na Tara: Dishi-dishin Ido da Yawan Mantuwa Bayan Jinyar Ciwon Jini

Wanda ya sha jinyar sankarar jini, ko aka yi masa dashen ɓargo, ko ya daɗe yana karɓar ƙarin jini saboda sikila, yakan dawo da ƙorafi biyu da ba a cika sauraro ba. Na farko: "Likita, ido ya yi mini dishi-dishi." Na biyu: "Magana tana bakina sai ta ɓace." Mutanen gida sukan ce gajiya ce, ko tsufa, ko su ce ya gode da ya tashi. Wannan amsar ba ta wadatar ba. Ƙorafin gaskiya ne, yana da dalilai da ake iya ganowa, kuma da dama daga cikinsu suna da magani. Abin da muke so ɗalibi ya fita da shi daga wannan darasi shi ne iya rarrabe abin da zai jira ranar ganin likita da abin da ba ya kwana.

Abin da ke taɓa ido

Mu fara da maganin siteroid, irin su firednisolon da deksametason, domin masu sankarar jini da yawa sun sha su. Suna taɓa ido ta hanya uku. Suna ɗaga sukarin jini, sukarin kuma ya sa madubin da ke cikin ido ya kumbura, sai gani ya riƙa sauyawa, yau tangaran gobe dishi-dishi. Saboda haka kada a yi gaggawar yanko sabon tabarau ana tsakiyar shan su. A auna sukari tukuna, a bari ya daidaita na 'yan makonni, in ba haka ba tabarau ɗin zai tashi a banza.

Hanya ta biyu ita ce yana. Yanar da siteroid ke kawowa a bayan madubin ido take fitowa, daidai inda haske ke ratsawa. Shi ya sa mai ita yake ganin abin mamaki: a cikin inuwa yana gani da dama-dama, amma da ya fita rana, ko fitilar mota ta haske shi da dare, sai komai ya wanke masa fari. Karatu ma yana wuya. Wanda aka gasa wa jiki duka da hasken na'ura kafin dashen ɓargo shi ma yakan samu yana, wani lokaci bayan shekaru. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Aiki ake yi, a cire madubin da ya dushe a sa na roba, yawanci cikin ƙasa da awa guda, da allurar kashe zafi ko maganin ɗigawa, ba tare da an sa mutum barci ba.

Ta uku ta fi ban tsoro, wato hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, sai matsi ya ƙaru ya riƙa cin jijiyar gani. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja. Ta gefe yake fara cin gani, kafin mutum ya farga an yi nisa, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Ma'aunin matsin ido mai lafiya yana tsakanin 10 da 21. Awon ba ya ɗaukar minti biyar. Duk wanda ya shafe makonni yana shan siteroid, ko yana ɗiga shi a ido, ya nemi a yi masa wannan awon ko da yana gani garau. Amma a kiyaye: kada tsoron ido ya sa a yanke shan siteroid farat ɗaya. Wanda ya haura mako uku yana sha, jikinsa ya rage yin nasa, yankewa kwatsam na iya faɗar da jininsa har ya suma. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan.

Sai bushewar ido, wadda ita ce ta fi yawa ga waɗanda aka dasa wa ɓargon wani. Sababbin ƙwayoyin garkuwar da suka fito daga ɓargon sukan ɗauki jikin da suka shigo a matsayin baƙo, su far wa fata, baki, hanta, da wuraren da ke yin hawaye. Mutum zai ji kamar yashi a ido, da raɗaɗi, da ƙin haske, ya tashi da safe fatar ido ta manne da kwantsa. Wani ma hawaye ne ke ta zuba, ya ce ina bushewa a nan? Bushewar ce ke tsokanar idon yana zubo da ruwa tsararo wanda ba ya zama. A asibiti ana saƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5. Idan jiƙewarta ba ta kai milimita 5 ba, idon ya bushe sosai. Maganin farko shi ne hawayen kwalba, wato ruwan ɗigawa mai jiƙa ido. Wanda ke ɗigawa fiye da sau 4 a yini ya nemi irin wanda ba a zuba masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana cin fuskar ido. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi, a ɗora a kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10, yana taimaka wa maiƙon gefen fatar ido ya fito. A kauce wa iskar fanka mai bugun fuska, da hayaƙi, da ƙura. A kuma gaya wa likitan jini, domin sau da yawa idon ne ke fara nuna cewa ɓargon yana faɗa da jiki.

Akwai wasu magungunan da ke da nasu hali. Saitarabin, maganin sankara, in ya yi yawa yana sa ido ja da zafi, shi ya sa ake haɗa shi da maganin ɗigawa tun kafin a fara har bayan an gama, kuma ba a tsallake shi don ido bai fara ciwo ba. Binkiristin, shi ma maganin sankara, yakan sa fatar ido ta sama ta sauko ko a ga abu biyu-biyu. Borikonazol, maganin cutar naman gwari, yakan sauya launin abubuwa jim kaɗan bayan an sha, sannan ya wuce. Deferoksamin, mai fitar da ƙarfen da ƙarin jini ke tarawa a jiki, yana iya taɓa tantanin bayan ido da kuma ji, don haka mai karɓarsa yana bukatar gwajin ido da kunne duk shekara. Mai sikila kuwa, ko ba magani, ciwon kansa yana toshe ƙananan jijiyoyin bayan ido, shi ya sa ake so a riƙa duba shi tun daga shekara 10.

Gwajin gida da yadda ake ɗiga magani

Ido biyu suna rufa wa juna asiri. Ɗaya zai iya lalacewa ɗayan yana ɗauke masa aiki, mutum bai sani ba. Sau ɗaya a mako, a tsaya wuri guda, a rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a dubi gefen ƙofa daga sama har ƙasa. A miƙe yake ko ya karkace? Akwai wurin da ya yanke ko ya yi duhu? Sai a sauya ido. A gwada da rubutu guda, a tazara guda, kowane mako.

Ɗiga magani kuma yana da ƙa'ida:

1. A wanke hannu da sabulu, a ɗaga kai, a ja fatar ido ta ƙasa ta yi ɗan aljihu.
2. Ɗigo ɗaya ya isa. Ido ba ya riƙe fiye da haka, na biyun kumatu yake bi.
3. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa ko yatsa.
4. A rufe ido, a danne lungunsa na kusa da hanci da yatsa na minti 1 zuwa 2, don kada maganin ya gangara maƙogwaro.
5. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 a tsakani. Mai maiƙo shi ne na ƙarshe.

A rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, a yar da ita bayan kwana 28. Kada a ari maganin idon wani, kada a ɗiga komai da likita bai rubuta ba. Mai raunin garkuwa, ɗan gyambo a baƙin idonsa na iya cinye ganin cikin kwanaki, kuma maganin ɗigawa mai siteroid yana ƙara rura shi.

Mantuwa

Irin mantuwar da ke bin jinya tana da kamanninta. Mutum bai manta sunan 'ya'yansa ba, bai ɓata a hanyar gidansa ba. Abin da ke faruwa shi ne ya shiga ɗaki ya rasa abin da ya kawo shi, ya karanta layi sau uku bai kama ba, lissafin da yake yi da ka a da yanzu sai da takarda, kuma in mutum biyu suka yi masa magana a tare sai kansa ya ɗaure. Yawanci hankalin ne ba ya tsayawa ya ɗauki abin tun farko, shi ya sa ba a samunsa in an nema. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma lalaci ba. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin wata 6 zuwa shekara bayan gama magani, wasu kuma abin yakan bi su shekaru.

Magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin sankara, suna da hannu, musamman waɗanda ake yi ta allurar ƙashin baya kamar metotireset, haka ma gasa kai da hasken na'ura. Amma kuskure ne a ɗora musu laifin duka a naɗe hannu. Ƙarancin jini yana rage iskar da ke isa ƙwaƙwalwa. Siteroid yana hana barci. Magungunan kashe ciwo masu ƙarfi, da na barci, da na ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, duk suna dusashe tunani. Hasken na'urar da ya taɓa wuya yakan kashe ƙarfin tayirod, wato ƙullin gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, bayan watanni ko shekaru, sai mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin sanyi, tunaninsa ya yi sanyi shi ma. Ga ƙarancin sinadarin B12, ga yawan kalsiyam a jinin mai sankarar ɓargo, ga ciwon damuwa wanda mutane ke jin nauyin faɗa. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya gyara shi. Don haka a nemi gwajin yawan jini, sukari, ƙoda, gishirin jini, kalsiyam, tayirod da B12, a kuma kwashi duk magungunan da ake sha a kai wa likita ya gani da idonsa.

A gida, littafi ɗaya ya fi takardu goma. A rubuta komai a cikinsa: ranar asibiti, tambayar da za a yi wa likita, abin da ya ce. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya naɗi muryarsa a waya. Makulli, tabarau da katin asibiti su samu mazauni guda. A yi aiki ɗaya a gama kafin a kama wani, a ajiye mai wuyar zuwa lokacin da kai ya fi washewa. Tafiyar ƙafa tana taimakawa ƙwarai: a fara da minti 10, a riƙa ƙarawa har a kai minti 150 a mako in likita ya amince. Barcin rana kada ya wuce minti 30. Masu jinya kuma su daina cewa "ai na gaya maka ɗazu". A kashe rediyo, a fuskance shi, a faɗi abu ɗaya, a ce ya maimaita.

Yaron da aka yi wa jinya yana ƙarami, musamman ƙasa da shekara 5, nasa yakan fito daga baya, a aji: jinkirin kwafar rubutu, wahalar lissafi. A sanar da malaminsa, a zaunar da shi gaba, a ƙara masa lokaci, kada a doke shi.

Inda biyun suka haɗu

Babban haɗarin yana wajen shan magani. Idon da ba ya karanta ƙananan rubutu, da kan da ba ya tuna ko an sha, su ne ke jawo shan magani sau biyu ko musanya kwalabe. Misali mafi muni shi ne ƙwayar metotireset, wadda masu sankarar jini da yawa ke sha sau ɗaya a mako. Wanda ya ruɗe ya riƙa shan ta kullum, cikin kwanaki bakinsa zai yi gyambo, ƙwayoyin jininsa su zube, har ta kai ga rasa rai. A ware ta daban, a rubuta ranarta da manyan haruffa a jikin kwalin. Sauran kuma a yi musu jadawali, a ja layi nan take bayan an haɗiya, a sa ƙararrawar waya. Akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai yana da amfani, amma a tambayi mai ba da magani tukuna, domin wasu ƙwayoyin ba a fitar da su daga ledarsu sai lokacin sha. Idan an yi shakka ko an sha, kada a ƙara, a kira asibiti.

Abin da ba ya kwana

Duk abin da ya zo a hankali cikin makonni zai iya jiran ranar asibiti mafi kusa. Wanda ya zo farat ɗaya, a tafi a ranar, ko da tsakar dare ne. Gani ya ɗauke a ido ɗaya, ko duhu ya sauko kamar labule, ko walƙiya da tarin baƙaƙen ɗigo masu yawo: yana iya zama zubar jini a bayan ido, wanda ya fi samun mai ƙarancin jini da ƙwayoyin daskarar da jininsa suka faɗi ƙasa da 50,000, ko ɓallewar tantanin bayan ido, ko ƙwayar cuta. Haka ido ja mai tsananin ciwo, da ƙuraje masu ruwa a ɓari guda na goshi ko kan hanci, waɗanda maganinsu ya fi aiki in an fara cikin awa 72.

Ta ɓangaren kai kuma: ruɗewa cikin awanni, sambatu, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, jijjiga, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, tangaɗi. Mai shan siklosiforin ko takrolimus, magungunan danne garkuwar jiki, da ya samu ciwon kai mai tsanani tare da dushewar gani, a auna hawan jininsa a garzaya da shi. Zafin jiki da ya kai 38 ga mai raunin garkuwa shi kaɗai ma ya isa dalili. Kada a ba shi farasitamol a zauna jira, domin yana ɓoye zazzaɓin ne kawai, kada kuma a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara zubar jini. A tafi da katinsa da magungunansa, a gaya wa na bakin ƙofa tun farko cewa mai ciwon jini ne, a faɗi ranar da ya karɓi magani na ƙarshe.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ja layi ya raba shafi biyu, ya rubuta "A jira ranar asibiti" a dama, "A tafi yau" a hagu, ya sa kowanne a gidansa: jin yashi a ido tun wata biyu, ganin walƙiya tun safe, manta inda aka ajiye makulli, sambatu da zafin jiki 38, ƙin hasken fitilar mota da dare. Bayan haka a zauna bibbiyu, ɗaya ya nuna wa ɗaya gwajin rufe ido da gefen ƙofar aji. Daga ƙarshe a lissafa: kwalbar da aka buɗe ran 3 ga wata, ran nawa za a yar da ita?