Tayar keken giya a damina: kurakuran da na gaji da gani a hanyoyin Daura

Duk shekara da zarar marka ta kama a watan Agusta, sai ka ga samari suna dawowa daga hanyar gona suna turin keke, wani ma ya saɓa nasa a kafaɗa, tayoyin sun zama curin laka ba sa ko juyawa. Ka tsayar da shi ka tambaya, ya ce maka ai keken ne ba shi da kyau, mai sayarwa ya cuce shi. Ka duba ka ga keken lafiyarsa ƙalau, tayar da aka ɗora masa ce ba ta dace ba. Kurakuran kuma su ne dai na bara da na bara waccan. Ina magana ne a kan keken giya mai manyan tayoyi, irin wanda Turawa suka ƙera don shiga daji da hawa duwatsu, wanda 'yan gwanjo suka cika mana gari da shi.

Babban cikinsu shi ne son ƙatuwar taya. Yaro zai shiga shago ya ce, "Alhaji, ba ni wadda ta fi kauri, zan shiga taɓo." Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne, ya miƙo masa mai faɗin inci 2.4, a cusa ta a keken da aka ƙera don ɗaukar 2.1. A kan kwalta ba za ka ga wata matsala ba, tayar tana juyawa, ga ta da kwarjini. Amma sunkuya ka leƙa bayan feda, daidai inda ƙarafa biyun nan suka rabu suka rungume tayar baya. Nan ne wurin da ya fi matsi a jikin keke, kuma za ka tarar da ƙyar takarda za ta wuce.

Lakar fadama tana da danƙo. Duk juyi ɗaya da taya ta yi sai ta ɗebo wani sabon shafi a kan na farko, ta haɗo da ciyawa da ƙananan tsakuwa. In akwai sarari tsakanin taya da ƙarfe, lakar za ta wuce ta faɗi. In babu, sai ta taru ta cushe, ta hau birki, ta gangaro kan sarƙa. Wannan ya taɓa cinye mini keke sukutum a wata fadama ta wajen Daberam. Ina da 2.4 a baya, na ji feda ta yi nauyi, na miƙe na taka da ƙarfi. Sarƙar ta ja laka da ciyawa cikin ƙarfen canjin giya na baya, ya murɗe ya shige cikin wili. Wannan ma mai sauƙi ne, ana sayen wani. Da na wanke keken a gida sai na ga yashin da ke cikin lakar ya cinye fenti, ya yi rami a jikin ƙarfen ta gefe biyu. Jikin keken na goran ruwa ne, ba irin wanda mai walda na bakin titi zai ɗinke maka ba. Haka na jingine shi, har yau abin yana ci mini rai, domin keke ne mai kyau.

Su kansu waɗanda suka fi mu sanin taɓo ba ƙatuwar taya suke nema ba. Hunturun Ingila da Jamus ruwa ne da caɓi, ba ƙura irin namu ba, kuma tayoyin da aka yi wa masu tseren dogon zango don wannan lokaci sirara ne: Mud King ta kamfanin Continental an yi ta a faɗin 1.8, Beaver ta Maxxis kuma 2.0. Dalili biyu ne. Siririyar taya tana yanka taɓo ta kai ga ƙasa mai ƙwari da ke ƙarƙashi, sannan tana barin sarari a jikin keke. Masu ƙira suna cewa a bar aƙalla milimita 6 ta kowane gefe. Ni ban yarda da wannan ba a lakarmu. In ƙaramin yatsana bai shiga tsakanin haƙoran taya da ƙarfe ba, to tayar ta yi wa keken yawa, ko da kyauta aka ba ni ita.

Wani ƙanena ya taɓa ce mini, "To Yaya, ai ƙasarmu rairayi ce, siririyar taya nutsewa take yi." Gaskiyarsa. Daga Daura zuwa Zango, Sandamu, Baure ko Mai'adua, jigawa ta fi yawa, kuma a busasshen rairayi faɗi yana taimako. Sai dai a damina rairayin da ya sha ruwa yana kwantawa ya yi tauri, a lokacin ne ma ya fi daɗin hawa. Abin da ke tsayar da kai shi ne 'yan wuraren nan na kwari da bakin rafi da kewayen dam irin Sabke, inda baƙar laka take. Shi ya sa nake tsayawa a tsakiya: 2.1 a baya, 2.25 a gaba in wurin ya ɗauka. Ga wani abu kuma, tsofaffin kekunan nan masu wili 26 rim ɗinsu siriri ne, cikinsa bai wuce milimita 17 zuwa 19 ba, ka ɗora masa ƙatuwar taya ka rage iska, sai ta riƙa lanƙwashewa a kwana.

Bayan faɗi sai haƙora. Mutane suna ƙirga yawansu, alhali tazarar da ke tsakaninsu ce abin dubawa. Taya mai ƙananan haƙora a cunkushe, da ta shiga laka sau ɗaya ramukan sun cike, ta koma daidai da sudaddiya. Mai haƙora a warwatse kuwa, da ka ɗan ƙara gudu za ka ji tana watso lakar da kanta. A shago nakan sa kan yatsa tsakanin haƙoran tsakiya, in bai taɓa gindin robar ba sai in ajiye.

Amma kada a zarce. Akwai masu kallon bidiyon 'yan tseren gangara na Turai su dage sai an yi musu odar Wetscream ko Dirty Dan, masu dogayen haƙora kamar ƙusa. Waɗannan an yi su ne don gangarowa daga kan dutse cikin daji mai saiwoyi da jiƙaƙƙen ganye, da roba mai taushi sosai. Kai kuwa kafin ka isa taɓon sai ka ci kwalta mai zafi da burji mai nisa. A nan dogayen haƙoran suna lanƙwasa, keke ya riƙa rawa a kwana, feda ta yi nauyi, robar kuma ta sude tun damina ba ta ƙare ba. In kana da hali, Shorty ta Maxxis ko Magic Mary ta Schwalbe sun isa a gaba. In babu, kuma yawancinmu babu, nemi Kenda ko CST mai warwatsattsun haƙora. CST ɗin ma kamfani ɗaya ne ya haife ta da Maxxis, wato Cheng Shin na ƙasar Taiwan.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai, don shi ko sisi ba ya ci, amma an ƙi ji: iska. Ka kai keke wurin mai faci, ya jona injin da yake hura wa mota da babur, ya sake mata iska har sai ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji ƙara. Ka ce ya rage, ya ce, "Maigida, ai sai ta yi tauri take gudu." Kai ma ka gyaɗa kai ka biya ka tafi. Haba jama'a! Wa ya ce muku lambar da aka rubuta a gefen taya ita ce abin da za a hura? In ka ga an rubuta 40 zuwa 65 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iska, wannan 65 ɗin iyaka ce, an ce kada ka wuce ta. Tayar da aka cika haka, ɗan tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Haƙoran gefen da ka biya kuɗinsu suna sama ba sa aikin komai. Da ka hau jiƙaƙƙiyar hanya mai ɗan karkata sai gaba ta zame, ka sami kanka a ƙasa ba ka san yadda aka yi ba. Na ga yaro ɗan makwabta ya dawo da gwiwar hannu a saɓule saboda wannan, washegari kuma ya koma wurin mai facin nan aka sake cika masa.

Ni nauyina bai wuce kilo 70 ba, kuma da tub nake hawa. A damina ina sa wajen 27 a gaba, 31 a baya. Wanda ya fi ni jiki, ko mai ɗaura buhun taki a kariya, ya ƙara. Wannan al'adata ce, wani zai ce ya yi kaɗan ko ya yi yawa, ban hana shi nasa ba, amma ya auna. Ka sa mai facin ya ɗora geji, ko ka sayi famfon hannu mai agogo ka huta da gardama. Kada kuma ka ji na ce a rage ka je ka sace iskar gaba ɗaya. In ta yi ƙasa da yawa, da ka daki bakin kwalbati ko dutse rim zai datse tub ɗin, ka ciro ka ga huji biyu a jere. Duk wanda ya ga irin wannan hujin ya daina zargin ƙaya, ƙarancin iska ne.

Sai batun lamba, inda ake asarar kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano a dawo da abin da bai shiga ba. Inci da ake rubutawa ba abin dogaro ba ne. A gefen kowace taya ta kirki akwai wata lamba mai kashi biyu, misali 54-559. Ta farko faɗi ne a milimita, ta biyu girman bakin rim. Wili 26 na keken giya 559 ne, 27.5 kuma 584, sai 29 da yake 622. Keken iyayenmu irin Raleigh da Phoenix mai 28 x 1½, nasa 635 ne, wato bakin tayarsa ya fi na 29 girma duk da lambar 28 ta fi 29 ƙanƙanta. Akwai kuma 26 x 1⅜ da ke kan wasu kekunan 'yan makaranta, ita 590 ce, ba za ta zauna a keken giya ba ko da duk 26 ake kiransu. Ɗauki hoton lambar tsohuwar tayarka a waya kafin ka fita, in lamba ta biyu ba ta zo ɗaya ba kada ka saya, ko mai shago ya rantse za ta shiga.

Sauran ƙanana ne. Akwai kibiya a gefen taya mai nuna inda za ta juya, bakanike da yawa ba sa dubawa, kai ka duba. In sabuwa ɗaya kaɗai za ka iya saya, sa ta a gaba ka mayar da tsohuwar baya, domin zamewar baya ana iya tare ta, ta gaba kuwa faɗuwa ce. Tayar gwanjo ka matse gefenta a rana, in ka ga tsagu ko zare ya fito ka bar musu kayansu, araha ba ta ado. Bawul ma iri-iri ne, mai kauri irin na babur ba ya shiga hujin rim ɗin da aka yi wa siririn bawul, kada ka bari a faɗaɗa maka da ƙusa. In ka dawo daga taɓo ka zuba wa keke ruwa tun lakar ba ta bushe ba.

Ƙaya kuwa sai na ɗan tsaya a kanta, don ita Turawan da suka ƙera tayoyin nan ba su yi lissafi da irin tamu ba. A damina ne manoma ke jawo rassan aduwa da bagaruwa da magarya su yi shinge don tare dabbobi, guntayen su zube a hanya, ruwa ya binne su a taɓo inda ba ka gani. Daga ƙarshen damina kuma tsidau ya nuna. Saboda haka taya mai siririn jiki da ake yabo don rashin nauyi ba tamu ba ce. In ka ga an rubuta 60 TPI da 120 TPI, wato yawan zaren da ke cikin kowane inci na jikin taya, ɗauki 60, jikinta ya fi kauri. Abin da nake yi shi ne in sami tsohuwar sudaddiyar taya siririya, in yanke wayar bakinta ta gefe biyu, in shimfiɗa ta a cikin sabuwar kafin in sa tub. Keke yana ƙara nauyi, ana ji a feda, amma ƙayar aduwa sai ta huda roba biyu kafin ta kai ga iska. Masu hawa ba tub, da ruwan liƙe huji a ciki, sun fi mu jin daɗi da ƙaya, sai dai zafinmu yana busar da ruwan da wuri. Wanda ya zuba a farkon Yuni ya girgiza wilin a Agusta, in bai ji motsin ruwa ba ya ƙara wani kafin ya kama hanyar fadama.