Yadda ake kama garken aladun daji a gonakin Texas

Tun 2019 dokar Texas ta yarda ka harbi aladen daji a filin mutum ba tare da lasisi ba, muddin mai filin ya amince. Babu lokacin farauta, babu ƙayyade adadi, har daga jirgi mai saukar ungulu ana harbinsu. Duk da haka ƙaruwa suke yi. Sun haura miliyan 6 a jihohin Amurka wajen 35, kuma Texas ce kan gaba. Mace tana ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas, bayan kwana 115 ta zubo 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci sau biyu a shekara. Masana sun ce sai an kashe kusan kashi 70 cikin ɗari duk shekara kafin yawansu ya tsaya cik.

Saboda haka ni ban ɗauki harbin ɗai-ɗai a bakin komai ba. Ka harbi ɗaya, goma sun watse, sun koma fita da tsakar dare, sun faɗa gonar maƙwabci. Jihar Missouri ma hana farautarsu ta yi a filayen hukumar kula da namun daji a 2016, don maharba suna tarwatsa garken da ake ƙoƙarin kamawa.

A gonar da nake taimakawa, daga sawu muke farawa. Nemi inda suka tone ƙasa kamar an bi da garma, da taɓon da suke birgima a ciki, da itacen da suka goga jiki suka bar laka a kai. Nan za ka zuba masara. Tsima ta a ruwa ta yi tsami tukuna: warin yana janyo su daga nesa, barewa kuma ba ta cika damuwa da ita ba. Ɗaura kyamara a itace ka ƙirga su, manya da ƙanana.

Sai gina shinge, kuma a nan yawanci ake gaggawa a ɓata aiki. Yi shi zagayayye da ragar ƙarfe mai ƙarfi, mai tsayin ƙafa biyar daga ƙasa, ba tare da kusurwa ba, domin a kusurwa suke taruwa su hau kan juna su tsallake. Bar ƙofar a buɗe kwanaki, kana matsar da masarar ciki kaɗan-kaɗan. 'Ya'yan ne ke fara shiga. Tsohuwar uwar garken takan tsaya a bakin ƙofa tana shinshina, wani lokaci har mako guda. Kada ka rufe ƙofar sai ta shiga. In ta tsira ta gane tarko ke nan, da wuya ta sake kusantarsa, kuma nan da 'yan watanni ta haifo maka wani garken.

Shigo wurin ta inda iska ke busowa fuskarka, don idonsu ba shi da ƙarfi amma hancinsu ba ya kuskure. A harbe su a cikin shingen nan take, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Doka ta hana ka kwashe su da rai ka saki a wani daji.

Ni dai naman ba abincina ba ne, mai gonar ke rabawa masu so. Amma ko jan gawar za ka yi, sa safar hannu, domin jininsu na iya ɗauke da cutar burusela mai kama mutum. Karnukan farauta kuma kada a ba su ɗanyen naman ko kayan ciki: akwai wata cutar aladu da ke kashe kare cikin kwana biyu ko uku.