Kurakuran ɗalibai wajen haɗa ilimin zamantakewa da na tattalin arziki

Wanda ya saba duba binciken kammala karatu da ɗalibai suke rubutawa a manyan makarantun Sakkwato zai lura cewa da yawansu suna ɗaukar ilimin zamantakewa da ilimin tattalin arziki kamar gidaje biyu da katanga ta raba, wannan ya ji da aure da zumunci, wancan ya ji da farashi da riba. Magabata a fagen ba haka suka yi ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya tattauna haraji da sana'a da tsadar kaya a birane tare da asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a, kuma Adam Smith ya rubuta littafi a kan ɗabi'a a 1759 kafin ya fitar da na dukiyar ƙasashe a 1776. Gyaran shi ne ɗalibi ya yi wa kowane al'amari tambaya biyu: nawa ne ya shiga hannun wa, kuma wa yake da haƙƙi a kan wa.

Kuskuren da ya fi ɓarna, a ganina, shi ne rufe bincike da kalmar "al'ada" ko "jahilci" da zarar lissafi ya ƙi fita. Manomi a Wurno ko Gwadabawa yakan sayar da gero da kaka lokacin da ya yi araha, sannan ya dawo yana awo da damina da tsada, sai ɗalibi ya rubuta cewa mutumin bai san tanadi ba. Da ya zauna da shi, da ya ji cewa akwai bashin taki da aka ci tun shuka, akwai 'ya da za a aurar bayan girbi, akwai zakka, ga kuma 'yan'uwa da ba a iya hana su dami. Haka makiyayin da ya ƙi sayar da shanu ko da sun yi daraja, domin garken nan shi ne asusunsa, daga ciki ake sadaki da gado, kuma nonon da ake tatsa shi ne jarin matarsa. Mai bincike ya jera nauyin da ke kan gidan wata-wata har shekara ta zagayo, zai ga cewa akwai lissafi a cikin abin da ya kira rashin lissafi.

Akwai kuma masu ƙidaya abin da ke rumfar kasuwa kaɗai. Sukan tambayi maigida ko matarsa tana aiki, ya ce a'a, su rubuta haka, alhali a cikin gidan ana matsar man gyaɗa, ana suyar ƙuli-ƙuli, ana dakan fura, yara suna fita talla, kuma kowane mako ana zuba adashi. A nan sai a nemi mace ta shiga ciki, ta tambayi me ake sayarwa da nawa ake zubi, ta bar kalmar "aiki" wadda mutane suka fi dangantawa da albashi.

Masu karatun zamantakewa su ma suna da nasu. Sukan cika shafuka da bayanin amana tsakanin dillali da fatake a kasuwar dabbobi ta Illela, ba tare da faɗin la'adar da ake karɓa, ko tsawon lokacin bashi, ko yadda canjin sefa da naira yake taɓa ciniki ba. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa a 1969, ya nuna yadda maigida, wato mai masaukin fatake, yake tsaya wa baƙonsa a cinikin shanu na bashi, amma bai raba wannan amana da kuɗin da take tsarewa ba.

Wanda yake son ganin abin da raba fannonin biyu yake jawowa ya karanta tarihin madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato. An kammala ta a 1978 bisa lissafin yawan amfanin da noman rani zai bayar. Lissafin bai ba da muhimmanci ga yadda ake gadon gona da aronta ba, ko ga masu noman fadama a ƙasan kogin waɗanda ambaliyar shekara-shekara ta ragu musu bayan an tare ruwan. Rikicin diyyar gonakin da aikin ya cinye ya kai manoma ga tare hanyoyi, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Ɗalibin da zai rubuta kan Bakolori, ko kan madatsar Goronyo, ya kamata ya fara da sanin wa yake noma wane fili kafin zuwan ruwa, sannan ya bi sawun filin ya ga hannun da ya ƙare a ciki.